Nazarin lamari: matar da aka ware wa kwano

Wannan lamari ne na wata mata mai shekara 27, amarya a gidan mata biyu a wani gari na arewacin Najeriya, wadda aka gano tana ɗauke da HIV ranar da ta fara zuwa awon ciki. An tsara shi bisa abin da ke yawan maimaituwa a ɗakunan awo da na karɓar magani, shi ya sa babu sunan mutum, babu na gari, babu na asibiti. An ƙirga lokaci da makonnin ciki, bayan haihuwa kuma da watannin jariri. Duk inda aka ambaci yawan ƙwayar cuta, ana nufin adadin da ke cikin mililita ɗaya na jini.

Gidan kafin a san komai

Bazawara ce. Mijinta na fari ya rasu bayan jinyar kusan shekara guda. Wasu dangi suka ce taifod ne, wasu suka ce sammu. Ba a yi masa gwajin HIV ba, ita ma ba wanda ya ce ta yi. Da ta fita takaba ta zauna gidan iyayenta shekara biyu lafiya ƙalau. Haka cutar take: mutum yana iya yin shekara takwas zuwa goma da ita ba tare da wata alama ta fito ba.

Daga baya wani mai sayar da hatsi, ɗan shekara 41, ya aure ta a kan uwargidansa mai 'ya'ya huɗu. An ɗaura aure ba gwaji. Jihar Kano ma sai a 2024 ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure. Tsakar gida ɗaya, madafi ɗaya, girki kwana bibbiyu. Mahaifiyar maigidan, Hajiya, tana sashen da ke jikin nasu, kuma abin da ta faɗa shi ake yi. Amarya ta samu ciki bayan wata goma da tarewa.

Mako na 16: ranar awo

Kamar kowace mai ciki, an soke mata yatsa aka ɗiga jini a kan tsinken gwaji. Cikin minti 20 layi biyu suka fito. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, sai aka maimaita da wani nau'in daban, shi ma ya nuna haka. Gwajin ciwon hanta nau'in B da na tunjere ba su nuna komai ba. An yi mata tambayoyi huɗu na tarin fuka, wato tari, zazzaɓi, rama da gumin dare, babu ko ɗaya. Ƙwayoyin garkuwa na CD4 sun kai 410, alamar cutar ba ta yi nisa ba, tunda sai sun sauka ƙasa da 200 ake cewa ta yi tsanani.

A ranar aka ɗora ta a kan magani, bisa tsarin da Najeriya ta ɗauka tun 2016 na fara ba duk wanda aka gano magani ba tare da jiran garkuwarsa ta faɗi ba. Maganin shi ne TLD, ƙwaya ɗaya sau ɗaya a rana, wadda ta haɗa tenofobir miligiram 300, lamibudin 300 da dolutegirabir 50. An ba ta kwalba mai ƙwaya 30, da Septrin na kullum don kariya daga cututtukan da ke kama mai raunin garkuwa, aka cire mata Fansidar na zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki don ba a haɗa su biyun. An ƙara da maganin ƙarin jini.

Zaman shawara bai wuce minti goma ba, don mata sun cika benci suna jira. Abu uku aka gaya mata: ta sha magani kullum saboda jariri, ta kawo mijinta gwaji, su riƙa amfani da kwaroron roba. Ba a gaya mata cewa maganin zai iya kai ta matsayin da ba za ta sa wa mijinta cutar ba. Ba a kuma yi maganar abin da bai kamata a sha tare da ƙwayar ba.

Mako na 16 zuwa 22: ɓoyo da tonuwar asiri

Ba ta gaya wa kowa ba. Matar da ta shekara da aure ba za ta tashi rana ɗaya ta ce wa miji ya sa kwaroron roba ba tare da ya nemi dalili ba, don haka wannan shawarar a ƙofar asibiti ta tsaya. Kwalbar maganin kuwa tana kacau-kacau in an taɓa ta, sai ta tura ta cikin wata kwalla a kayan jerenta. Ranar girkinta maigida yana ɗakin, ba ta sha. Ranar da yaran uwargida suka shigo kallo, ba ta sha. Da ta koma bayan kwana 28, ƙwaya biyu ya kamata su rage, sai aka ƙirga 13. An yi mata faɗa, an rubuta a kati, ba a tambaye ta me ya hana ba.

A mako na 21 wata maƙwabciya da ta kawo ɗanta rigakafi ta gan ta zaune a bakin ɗakin da duk garin ya san na masu karɓar wannan magani ne, riƙe da katin da launinsa ya bambanta da na sauran marasa lafiya. Kafin magariba magana ta isa kunnen Hajiya.

A daren aka ware mata kwano, kofi da buta. An karɓe girkinta. An hana yara shiga ɗakinta. Washegari maigida da uwargida suka je gwaji a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, dukansu ba su da ita. Gidan ya ɗauki wannan sakamako a matsayin shaida a kanta: tunda shekara guda suna tare bai kamu ba, to kwanan nan ta ɗauko a waje. A mako na 22 ya rubuta mata saki ɗaya, aka mayar da ita ƙauyensu mai nisan kilomita 45.

Fassarar da gidan ya yi ba daidai ba ce. Ma'auratan da ɗaya yake da cutar ɗaya ba shi da ita suna da yawa ƙwarai a Afirka, wasu shekaru da dama suna tare. Ba kowace saduwa ce ke yaɗa ƙwayar ba, kuma kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗauka daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari, kamar yadda bincike uku a Afirka ta Kudu, Kenya da Yuganda suka nuna tsakanin 2005 da 2007. Kuɓutar shekara guda ba ta nuna mutum ba ya kamuwa, ba ta kuma nuna lokacin da matar ta kamu.

Mako na 22 zuwa 30: ƙauye

Maganinta ya ƙare a ƙauye. Ba kuɗin mota, ba kuma ƙarfin zuciyar komawa bakin wancan ɗaki. Ta yi kwana 19 ba ta sha ba. Wani kawunta ya kawo jarkar jiƙo daga wani mai maganin gargajiya da ya ce cikin kwana arba'in zai wanke jinin tas, da sharaɗin a ajiye na asibiti don ba a haɗawa. Irin wannan alƙawari ba sabo ba ne, kuma ba a ƙauye kaɗai ake yin sa ba. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya yi shelar yana warkar da cutar da haɗin ganyaye, ya sa marasa lafiya suka ajiye magungunansu, mutane suka mutu.

Asibiti ya lura ba ta zo ba, amma lambar wayar da ke katinta ta maigidan ce. Sai a mako na 27 aka same ta ta lambar ƙanwarta. Wadda ta bi sawunta ɗaya ce daga matan da asibitoci ke ɗauka aikin raka masu ciki, waɗanda su ma suna ɗauke da cutar kuma sun haifi 'ya'ya lafiyayyu. A mako na 28 ta dawo, aka ba ta magani, aka ɗebi jini don auna yawan ƙwayar cuta, gwajin da ake yi wa mai ciki wata uku da fara magani. Ba a yin sa a ƙananan asibitoci, sai an tura jinin babban ɗakin gwaji a birni. Sakamako ya dawo bayan kwana 16: ƙwaya 23,400.

Mako na 30: bin diddigin dalili

Duk abin da ya haura 1,000 yana nufin magani bai danne cutar ba. Ba a gaggauta canza magani a irin wannan hali, domin da wuya ƙwayar cuta ta bijire wa dolutegirabir, kuma mafi yawan lokaci matsalar tana wajen shan maganin. Wannan karon an zauna da ita awa guda a ɗaki mai ƙofa, aka bi ranarta tun daga asuba har kwanciya. Ban da fashin da aka sani, wani abu ya fito da ba wanda ya zata. Tsohon ciki ya sa ta ƙwannafi, tana sayen farin ruwan maganin olsa a kemis, kuma duk dare tana haɗa shi da TLD da maganin ƙarin jini ta kora gaba ɗaya kafin barci, sau da yawa ba ta ci komai ba. Sinadaran maganisiyam da alminiyam da ke cikin maganin olsa, haka ma ƙarfen da ke cikin na ƙarin jini da kalsiyam, suna kama dolutegirabir a hanji su hana shi shiga jini. Wato ko a ranakun da ta sha, ba duka ne ya yi aiki ba.

Ƙa'idar ita ce a sha TLD awa biyu kafin irin waɗannan magunguna, ko awa shida bayansu. Aka mayar da TLD bayan sallar asuba tare da koko, maganin ƙarin jini da abincin rana, na ƙwannafi da dare. An zaɓi asuba ne don lokaci ne da ba ya wuce ta, kuma in azumi ya zo sai ta sha da sahur ba tare da lokacin ya gusa sosai ba. An ce ta bar ƙwayoyin cikin kwalbarsu ta asali da ɗan ƙullin da ke tsotse laima, ta rufe da kyau, in ƙara ce damuwar ta naɗe kwalbar da tsumma. An mayar da karɓar maganinta ƙaramin asibitin da ke kilomita shida daga ƙauyen, rana ɗaya da awo, ɗaki ɗaya da sauran masu ciki. Ƙanwarta ta ɗauki nauyin tunatar da ita. Da izininta aka zauna da mahaifiyarta, aka ce addu'a da rubutu ba su hana magani, jiƙon nan ne za a ajiye, don ba a san abin da ke ciki ba, ga ciki, ga hanta da ƙoda da ke tace magani.

A wannan zama ne, mako 14 bayan gano cutar, aka fara gaya mata cewa idan ƙwayar ta sauka har na'ura ta kasa ganin ta, kuma ta ci gaba da shan magani, ba za ta sa wa mijinta ba ta hanyar kwanciyar aure. Ta sa aka maimaita mata sau biyu. Daga ranar har haihuwa ƙirgar ƙwayoyinta ba ta sake nuna fashi ba.

Mako na 35 zuwa 38: takarda da kome

An sake ɗibar jini a mako na 35, lokacin da ake auna kowace mai ciki da ke kan magani don sanin irin kariyar da za a ba jariri. An rubuta a jikin takardar cewa mai ciki ce, a gaggauta. Sakamako ya zo a mako na 37: ƙasa da 50. Saukar da sauri haka halin dolutegirabir ne. A wani bincike da aka yi a Yuganda da Afirka ta Kudu kan matan da suka fara magani a ƙarshen ciki, kashi 74 cikin ɗari na masu shan sa sun sauka ƙasa da 50 lokacin haihuwa, a tsohon maganin efabirenz kuwa kashi 43.

Lokaci ya ƙure ta wani ɓangaren. Iddar mai ciki haihuwa ce. In ta haihu bai mayar da ita ba, sai da sabon ɗaurin aure da sabon sadaki. Ita tana son komawa ɗakinta, ta kuma yarda a yi magana da shi. Baffanta, wanda shi ne waliyyinta, ya je ya same shi a kasuwa ya roƙe shi ya zo asibiti ko don ɗan da ke ciki.

Ya zo shi kaɗai, ma'aikacin asibiti namiji ya zauna da shi. An fara da sake gwada shi, domin gwajin gaggawa yana iya kasa ganin sabon kamu har zuwa wata uku. Mako 16 ke nan rabonsa da ita, sakamako ya nuna ba shi da ita, wannan kuma ya tabbata. Sannan aka ajiye masa takardu biyu gefe da gefe, mai 23,400 da mai ƙasa da 50, aka raba masa magana gida biyu.

Ta farko: kwano, kofi, buta, masai, gumi, yawu, cizon sauro da abincin da ta dafa ba su taɓa yaɗa HIV ba, ko tana shan magani ko ba ta sha. Ta biyu ita ce ta shimfiɗa, kuma ita ce ta rataya a kan wannan adadi. An ba shi tarihin abin a taƙaice. A 2000 aka fitar da wani bincike na yankin Rakai a Yuganda, inda aka bi ma'aurata 415 da ɗaya ke da cutar, aka ga babu wanda ya sa wa abokin zamansa cikin waɗanda ƙwayarsu ke ƙasa da 1,500. A 2008 hukumar ƙwararru ta Suwizalan ta fito fili ta ce mai shan magani da ƙwayarsa ta ɓace a gwaji ba ya yaɗawa ta saduwa, likitoci da yawa suka yi mata ca cewa ta yi gaggawa. A 2011 binciken HPTN 052, mai ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara da suka haɗa da Malawi, Kenya, Zimbabuwe da Botsuwana, ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwa da kashi 96 cikin ɗari, kuma har aka rufe binciken ba a samu wanda ya kamu daga abokin zamansa a lokacin da magani ya danne cutar ba. A 2016 aka fitar da sakamakon binciken PARTNER a Turai, wanda ya bi masu cutar 888 da abokan zamansu marasa ita, da suka sadu kusan sau 58,000 ba kwaroron roba, ƙwayar mai cutar tana ƙasa da 200. Mutum 11 sun kamu, amma da aka gwada jinsin ƙwayar da ke jikinsu, ko ɗaya ba daga abokin zamansa ya samo ba. Daga nan taken U=U ya bazu a duniya, ma'anarsa: wadda gwaji bai gani ba, ba ta yaɗuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta a fili cewa haɗarin sifiri ne ga wanda ba a ga ƙwayar a jininsa ba kuma yana shan magani yadda aka tsara, wanda kuwa aka gani amma ba ta wuce 1,000 ba, haɗarinsa kusan babu ne.

Tambayarsa ɗaya ce, ko ta warke ke nan. Aka ce a'a, Alhaji, ƙwayar tana nan kwance a wasu sassan jiki, in an ajiye magani cikin makonni kaɗan za ta dawo jini. An kuma gaya masa wannan kariya ba ta hana ciki, ba ta hana sanyi ko tunjere, ba ta shafi allura ko reza da aka yi tarayya ba.

Zama na biyu ya zo da Hajiya da uwargida. Takardun wayar da kai da aka miƙa musu ba wanda ya buɗe. Abin da ya tsayar da hankalinsu shi ne matar nan da ta bi sawun amarya ƙauye, wadda ta shigo da mijinta, ya faɗa da bakinsa cewa shekara tara suna tare, 'ya'ya uku, shi da yaran ba mai cutar. Uwargida ta tambayi abin da ke cin ta: maigida zai kwana can ya kwana nan, ita fa? Aka ce abin da bai shiga jikinsa ba ba zai kawo mata ba, kuma ƙofar gwaji a buɗe take gare ta duk lokacin da ta so. Hajiya ba ta ce komai ba. A mako na 38 ya yi kome a gaban shaidu biyu.

Haihuwa zuwa wata na shida

Ta haihu da kanta a asibiti a mako na 39, namiji, kilo 3.1. Cikin sa'o'in farko aka fara ba shi ruwan nebirafin, maganin kare jariri daga HIV, mililita ɗaya da rabi sau ɗaya a rana har mako shida, adadin da ake ba jaririn da ya kai kilo biyu da rabi. Da a ce gwajin mako na 35 ya haura 1,000, da magani biyu za a haɗa masa, na tsawon lokaci fiye da haka. A mako na shida aka ɗiga jinin dugadugansa a takarda don gwajin da ke neman ƙwayar kanta, tunda gwajin gaggawa a wannan shekaru garkuwar uwa yake gani. Ba a samu komai ba. Aka fara ba shi Septrin.

A wajen shayarwa an yi taka-tsantsan da kalmomi. Ba a ce mata sifiri ba, domin hujjar da ta tabbata a kan saduwa ba ta kai haka a kan nono ba. In babu wani mataki, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin ɗari na jarirai suna ɗauka daga uwa a ciki, haihuwa ko shayarwa. Uwar da ke shan magani daidai tana saukar da haɗarin nono ƙasa da kashi ɗaya, kuma a inda ruwa mai tsabta da kuɗin madarar gwangwani ba su tabbata ba, gudawa da tamowa sun fi wannan ragowar haɗari kisa. Shawara ita ce nono zalla wata shida, ba ruwa, ba ɗauri, ba zuma, saboda haɗa nono da wani abu yana iya raunata hanjin jariri. Nan aka fi shan fama, don haihuwar ta faɗo a bazara, kakar yaron kuma ba ta ga dalilin hana shi ruwa ba. An hana wanzami cire beli, askin suna kuma da sabuwar reza aka yi.

Ta koma ɗakinta bayan arba'in. Da yake sakamako mai kyau ɗaya kawai ke hannu, an ba maigida maganin kariya na wanda ba ya ɗauke da cutar, ƙwaya ɗaya kullum, ya fara kwana bakwai kafin ta dawo. Gwajinta na wata uku bayan haihuwa ya dawo da haruffan TND, wato na'ura ba ta ga komai ba. Kimanin wata shida ke nan tana shan magani ba fashi, sai likita ya ce yana iya ajiye nasa. A wata na huɗu uwargida da kanta ta miƙa mata girki, ta kuma zuba wa 'ya'yanta tuwon a gaban kowa.

Wata na tara: 140

Gwajin wata na tara ya nuna 140. Ta je bikin ƙanwarta kwana biyar, ta manta kwalbar a gida, ta yi fashin kwana uku kafin a aiko mata. Maigida ya ga adadi a inda ya saba ganin haruffa, ya ƙaurace wa ɗakinta mako biyu. An sake kiran sa, aka nuna masa 140 bai kai 200 da aka yi binciken Turai a kansa ba. Amma da yake tana shayarwa ba a ɗauki abin da wasa ba: an sake zaman shawara, an gwada yaron a wata na tara bai da komai, an ce ta riƙa ajiye kwalbar a jakar goyo in za ta yi tafiya. Bayan wata uku sakamako ya koma TND.

Yaye da gwajin ƙarshe

An yaye yaron a wata na 18, a hankali cikin wata guda. Gwajin ƙarshe ana yin sa ne a wata 18 ko wata uku bayan yaye, duk wanda ya zo daga baya, don haka sai a wata na 21 aka yi. Ba shi da cutar, aka rufe katinsa, aka tsayar da Septrin. Maigida ya yi gwaji a wata na 6, na 12 da na 21, uwargida sau biyu, duk babu. Amarya ta sa ashanar tazarar haihuwa a dantse, wadda dolutegirabir ba ya rage mata ƙarfi. Yanzu maganin wata uku-uku take karɓa.

Hukunci

Babban kuskuren ya faru ne a minti goman ranar farko. An ba ta magani mai kyau da dalili guda na shan sa, wato jariri, aka kuma ɗora mata sharuɗɗa biyu da mace a matsayinta ba za ta iya cikawa ba tare da ta tona kanta ba. Abin da za ta iya shiga gida da shi, cewa cikin 'yan watanni ba za ta zama haɗari ga mijinta ba, shi aka riƙe. Ma'aikata da yawa suna riƙe shi da gangan, suna tsoron kada mutane su sake jiki su bar kwaroron roba. A wannan gida ba a taɓa amfani da shi ba tun farko, kuma riƙe maganar ya jawo mako 14 na ɓoyo, fashi da saki, a daidai lokacin da ƙwaya mai yawa a jinin uwa ke iya ratsawa ga ɗan tayi. Yaron ya kuɓuta, amma tsakanin mako na 16 da na 30 ba tsarin asibiti ne ya kare shi ba.

Kuskure na biyu na gini ne da kati. Ɗaki daban da kati mai launi daban sun fallasa ta ba tare da wani ma'aikaci ya buɗe baki ba. Dokar hana nuna wariya ga masu HIV da Najeriya ta kafa a 2014 ta haramta bayyana halin mutum ba da izininsa ba, ta kare shi a wurin aiki da makaranta da asibiti, amma ba ta da hannun da zai kai tsakar gida inda ake ware kwano. Na uku shi ne faɗan da aka yi mata a kan ƙwaya 13. Da an tambaye ta dalili a ranar, da maganar kwalla da ta maganin olsa sun fito wata biyu da rabi kafin lokacin da suka fito.

Abin da ya yi aiki a fili yake. Adadi a takarda ya fi rarrashi tasiri a wajen ɗan kasuwa, musamman da ya ga biyu a jere. Kalmar sifiri ta yi abin da "haɗarin ya ragu" ba za ta yi ba, domin miji mai mata biyu ba zai kwana a kan ragowar haɗari ba, kuma a kan saduwa hujja ta isa a faɗe ta haka. Faɗin iyakar maganar a kan nono da reza ya sa aka gaskata sauran. Ganin mace mai rai da mijinta lafiyayye ya kai inda takarda ba ta kai ba. A da, tunanin da ya fi yawa shi ne mai cutar sai mai cutar, har hukumar yaƙi da cutar a Bauchi ta riƙa haɗa aure tsakaninsu. Wannan ya share hawayen mutane da yawa a lokacinsa, amma ba dole ba ne yanzu.

Akwai haɗari guda da wata na tara ya nuna. Gidan ya koyi karɓar ta ne bisa sharaɗin takarda, ranar da adadi ya motsa kaɗan aka guje ta. In ba a kula ba, ƙyamar za ta tashi daga kan masu cutar gaba ɗaya ta koma kan wanda sakamakonsa bai yi kyau ba, alhali shi ne ya fi buƙatar a ja shi a jiki, kuma sau da yawa kuɗin mota ko jinkirin ɗakin gwaji ne ya kai shi can. Shi ya sa maganar kwano da ta shimfiɗa suke bukatar a riƙa raba su a kowane zama: ranar da jininta ke da 23,400 ma tuwonta ba shi da illa ga kowa.

Wannan rabin saƙon bai gama shiga ba. Hajiya tana goya jikanta, tana tauna masa ƙuli-ƙuli, amma ranar girkin amarya har yanzu daga sashen uwargida ake kai mata abinci. An sa ranar gwajin amarya na gaba bayan wata 12, kuma mai ba da shawara ta nemi maigida ya sake zuwa da mahaifiyarsa.